Darasi: Ta Wace Ƙofa Fitina Ke Shiga Wayar Yaro?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi yadda masu halatta jinin bayin Allah da sunan addini suke isa ga 'ya'yanmu ta waya. Abin lura shi ne, kowace ƙasa da irin ƙofar da suke bi.

A Turai, galibi yaro ne shi kaɗai a ɗaki da intanet, wani wanda bai taɓa gani ba yana yi masa rubutu yana hure masa kunne. A Fabrairun 2015 'yan mata uku 'yan makaranta suka bar Landan zuwa Siriya wurin ƙungiyar IS, iyayensu ba su farga ba sai bayan sun tafi.

Mu nan arewa, da kunne ake kama mu. Muhammad Yusuf ya tara mabiya a Maiduguri ne da wa'azin baki da kaset da faifai. Da aka kashe shi a Yulin 2009, muryar ta koma cikin memori, ana turawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth, ba data, ba ko kwabo. A 2013 an rufe layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa, to amma abin da ya riga ya zauna a memori ina ruwansa da sabis? Daga baya ɓangaren ISWAP, da ya ɓalle a 2016, ya riƙa yaɗa saƙonninsa ta Telegram. Su kuwa 'yan bindigar Zamfara da suka fito a TikTok, ba wa'azi suke ba, damin kuɗi suke nunawa, kuma wannan ma yana ja.

To, mu dawo gida. A Gezawa da Jogana da ƙauyukan kewaye, sau da yawa waya ɗaya ce ke zagaya gida duka. Yaro ya kai ta shagon caji, ya ce a ɗura masa karatu da waƙoƙi da fina-finai. Mai ɗurawa shi ma bai saurari rabin abin da ya zuba ba. Wani kuma yayansa ne da ke tuƙin adaidaita a birni zai turo masa murya ta WhatsApp. Tunda daga hannun na gida ta fito, wa zai yi zargi? Kada a ce Barno da nisa: harin 20 ga Janairun 2012, da na babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki ranar 28 ga Nuwambar 2014, duk a Kano aka yi su, nan kusa da mu.

Shi ya sa uwar da ba ta iya karatun boko ba ta daina cewa "ni ban san kan waya ba". Hausa ake yi a ciki, ke ma kina ji. Ki ce ya kunna ku saurara tare kina aikinki. Ba kowane wa'azi mai zafi ne wannan ba, kada mu ɗora wa malamai laifin da ba nasu ba. Alamar ita ce kafirta Musulmi: yaro ya daina bin limamin gari salla, ya ce malamin makaranta ko ɗan sanda kafiri ne, ya soma ɓoye wayar idan kin shigo.

Idan kin ga haka, kada ki fasa wayar, gobe zai ari ta abokinsa. Ki tambaye shi wa ya ba shi, ki gaya wa maigida, ku kai muryar wurin malamin da yaron yake ganin girmansa, ya saurara, ya ba shi amsa a gabanku.