Yadda Ake Shimfiɗa Ƙaramin Layin Dogo a Cikin Ɗaki

A Jamus da Ingila da Amurka da Japan akwai dattawa masu jikoki da ke keɓe ɗaki guda a gidajensu domin jiragen ƙasa waɗanda kan jirgin bai fi tsawon tafin hannu ba. Sana'ar ƙera su tsohuwa ce: kamfanin Märklin na garin Göppingen ya fito da layuka masu ƙayyadajjen faɗi tun 1891, Hornby na Ingila kuma ya soma sayar da nasa jiragen a 1920. Yau mafi girman irin wannan gini yana Hamburg, wato Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, inda tsawon layukan ya haura kilomita 15. Mai farawa dai tebur guda ya ishe shi.

Kafin a sayi ko ƙusa, sai a tsai da sikeli. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda ake rage komai sau 87, tazarar ƙarafan layi biyu kuma milimita 16.5. Mutanen Ingila sun fi son OO, mai ragi sau 76, a kan layi mai wannan faɗin. Mai ƙaramin ɗaki sai ya koma N, ragi sau 160, layi milimita 9. Wanda ke son kwaikwayon jirgin Abuja zuwa Kaduna, HO ya yi masa daidai, domin faɗin wancan layi milimita 1,435 ne. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 kuwa tsukakke ne, milimita 1,067, don haka layi mai milimita 12 ne zai dace da shi. Ni dai HO nake ba sabon shiga shawara, saboda kayansa sun fi samuwa, kuma yatsu da idanu ba sa shan wahala.

Daga nan sai zane a takarda, sannan tebur. An saba da filawud mai ƙafa 8 da ƙafa 4, a ɗaure shi da katakai ta ƙasa don kada ya lanƙwashe. In za a jingina shi da bango, kada faɗinsa ya wuce inda hannu zai kai, kamar santimita 75, domin duk ranar da tarago ya goce daga layi, a can lungun da ba a iya kaiwa yake gocewa.

Shimfiɗa layi shi ne inda aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci, kuma nan ne masu ɗoki suka fi yin gaggawa. Ana fara manna siririn soso a kan zanen, ya rage ƙara ya kuma ɗan ɗaga layin kamar na gaske. A HO kada kwana ta matse fiye da santimita 46 daga tsakiyar da'ira zuwa layi. Dogayen taragai ma sun fi son abin da ya fi haka. Hawa kuwa kada ya wuce santimita 2 a kowace mita. Lissafin yana da ban mamaki: in ana son wani layi ya haye ta saman wani, ana buƙatar tsayin kamar santimita 8, wato tafiyar mita 4 ke nan kafin a kai gada. Duk inda ƙarafa biyu suka haɗu, a shafa da yatsa. In farce ya sarƙe, ƙafar jirgi ma za ta sarƙe. A bar ɗan tsagi siriri a mahaɗar, saboda ƙarfe yana miƙewa in zafi ya yi.

Wuta ta cikin ƙarafan layin take bi ta shiga ƙafafun kan jirgi. A tsohon tsari, taransifoma ke rage wutar gida zuwa volt 12. A ƙara wuta jirgi ya ƙara gudu, a juya ta ya koma da baya. Matsalarsa, duk jiragen da ke kan layi ɗaya tare suke motsi. Sabon tsari, DCC, yana barin wuta a layi koyaushe, kowane kan jirgi kuma yana ɗauke da 'yar na'ura mai lamba, sai wanda aka kira lambarsa ya amsa. Daga masana'anta lamba 3 suke zuwa da ita, saboda haka a sauya wa kowanne tasa, in ba haka ba jirage biyu su tashi a lokaci guda. Ko wane tsari aka bi, a ja wayoyi biyu masu kauri ta ƙarƙashin tebur, a riƙa fitar da ƙanana daga jikinsu ana liƙa su da dalma a gefen layi na waje, kusan kowace mita. Launi biyu, ja da baƙi, kada a taɓa musanya su. Layin da ya zagaya ya dawo cikin kansa yana haɗa wayoyin biyu gaba da gaba, dole a yanke ƙarafan a raba wutar.

Yanzu sai haƙuri. A bar jirgi ya yi ta zagaye na makonni a kan katako tsirara, gaba da baya, da taragai da babu. Duk inda ya yi tuntuɓe a gyara. Bayan an zuba tsakuwa a gindin layi, gyara ya zama rushe gini.

Tsakuwar da ake sayarwa don wannan aiki ba ta fi ƙwayar gero ba. A barbaɗa ta busasshiya, a daidaita ta da burushi mai laushi har katakan gicciye su fito fili, a fesa ruwa kaɗan mai ɗigon sabulun wanke kwanuka, sannan a ɗiga farin gam na kafintoci da aka sirka rabi da rabi da ruwa, ta bakin sirinji. Sabulun ne ke sa gam ya nutse maimakon ya tattara tsakuwar ta dunƙule. A yi nesa da inda layi ke rabuwa biyu, don gam na kama harshensa ya daskare. Kwana ɗaya zuwa biyu ya bushe.

Duwatsu da tuddai ba su da wuya: kwali ko soso mai tauri, a lulluɓe da ƙyalle da farar ƙasar gini, a yi fenti mara sheƙi. Gidaje da taragai ma a ɗan dusashe su da launin tsatsa da toka, sabo fil ba ya kama da gaske.

Da yawa suna gama gini sai su gaji, domin zagaye kawai jirginsu yake yi. Ƙwararru suna ba shi aiki: jadawali, tashar da zai tsaya, taragon da zai ajiye a bakin sito, wanda zai ɗauka. Su kuma kula da gudu. Jirgi mai kilomita 80 a awa, a HO kusan santimita 25 yake ci a daƙiƙa, ba fiye ba.

Ƙura ce babbar abokiyar gaba, don ita ke raba ƙafa da wuta har jirgi ya riƙa cijewa. A goge saman layi da tsumma mai ɗan sifirit, ban da sanfefa, wadda ke karce ƙarfe datti ya samu wurin zama. Mai gina nasa a Kano ko Zinder, ya tanadi mayafin rufe tebur kafin hunturu ya shigo.