Darasin Noma: Kwaɗo Ɗan Ƙwadago Ne, A Ba Shi Hanya

Darasinmu na wannan karo a kan kwaɗo yake. Ba na zogale ba, ba kuma na kulle ɗaki ba. Wanda ke hana mu barci da kuka idan ruwa ya sauka, shi muke nufi.

A ƙasar Magarya da ta Dungas, ruwan shuka yakan sauka wajen watan Yuni. Daren da aka yi mamakon farko, tabkuna da kududdufai su ɗauki ruwa, sai kwaɗi su fito ko ta ina. Waɗansu suna cewa daga sama suke faɗowa tare da ruwa. Ba haka ba ne. Duk tsawon rani suna nan tare da mu. Waɗansu sun binne kansu cikin ƙasa mai laima, waɗansu suna gindin randa, ko bakin rijiya, ko cikin garka. Da sun ji ruwa sai su kama hanyar tabki, domin a cikin ruwa suke zuba ƙwai. Kukan nan da muke ji, mazan ne ke kiran matan.

Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin ƴan kwanaki. Ƴaƴan su fito da wutsiya kamar ƙananan kifaye, su yi makonni cikin ruwa kafin ƙafa ta fito musu, sannan su hau tudu su bazu cikin gonaki. Ke nan tafiya biyu ce a damana: ta iyaye zuwa tabki, da ta ƴaƴa daga tabki.

Mene ne ruwan manomi da wannan? Kwaɗo da dare yake kiwo, lokacin da mai gona yake barci. Abincinsa ƙwari ne: gara, da tururuwa, da tsutsa, da ƙananan fara, da sauran masu ɓarna a gona da garka. Ba ya neman fura, ba ya neman kuɗin yini. Mai garkar kabeji ko tumatir a fadamun Waca da Guci ya duba ƙarƙashin ganye da safe, zai same shi a laɓe, ciki ya cika. Amma kada a zarce da yabo. Kwaɗo ba zai tare garken fara ba, ba kuma zai raba gida da sauro ba. A ci gaba da kwana cikin sange.

To, a tafiyar nan tasa ne yake gamuwa da ajali. Inda hanyar mota ta ratsa tsakanin tudu da tabki, dole ya tsallaka. Ku duba gudoron da ya taso daga Damagaram, ya bi ta Bande, ya zo Magarya, ya wuce iyakar Nijeriya. Kamyo da babur suna gudu a kai dare da rana. Kwaɗo kuwa ba shi da sauri, fitila kuma takan daskarar da shi a tsakiyar hanya. Macen da taya ta taka, ba ita kaɗai ta mutu ba, har da dubban ƙwan da ke cikinta.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A Ingila, kusa da wani gari mai suna Bath, akwai wata ƴar hanya da hukuma ke rufe wa motoci har mako 6 a watannin Fabrairu da Maris, tun shekarar 2003. Mutanen wurin su fito da dare da bokiti da tocila, su tsince kwaɗi su tsallakar da su, ba wanda ke biyansu. A Jamus ana kafa ɗan gajeren shinge a gefen hanya, a binne bokitai a gindinsa, kwaɗi su bi shingen su faɗa ciki, da safe a kai su ɗaya gefen. Dalilin wannan wahala shi ne, binciken masana na duniya da ya fito a 2023 ya nuna kashi 41 cikin 100 na ire-iren kwaɗi da danginsu suna cikin haɗarin ƙarewa.

Wani zai ce wannan aikin masu ƙoshi ne. Amma mutanen Magarya ba baƙin aikin sa kai ba ne. Bayan farin shekarar 1984, manoman Magarya da Matamai da Mirya suka dinga barin toho a gona suna renonsa, har gawo ya sake rufe ƙasar. A jihohin Damagaram da Maraɗi wannan aiki ya kai wajen hekta miliyan 5. Wanda ya iya tsare gawo shekaru har ya girma, tsare kwaɗo na ƴan darare ba zai gagare shi ba.

Ga yadda za a yi. Da farko a gane wurin. Washegarin babban ruwa, mutum biyu su bi gefen hanya kusa da tabki da sassafe, su ga inda gawar kwaɗi ta fi yawa. Yawanci ɗan wuri ne, kuma shi ne dai kowace shekara. A gaya wa mai gari, shi kuma ya kai maganar ga magajin gari da ma'aikatan gandun daji, ko a samu allon rage gudu. Ƴan kabu-kabu na garinmu ƴaƴanmu ne, magana ta isa su sassauta a wurin.

Idan za a fita tsinta, manya kaɗai za su fita, kada a tura yara kan gudoro da dare. A sa tufafi masu haske, a riƙe tocila, a sa takalmi rufaffe, domin maciji ma yana fitowa farautar kwaɗi a irin wannan dare. Mutum ɗaya aikinsa duban mota kawai. A sa kwaɗin cikin bokiti mai tsabta, wanda bai taɓa ɗaukar maganin feshi ko taki ko sabulu ba. A kai su gefen da suka dosa, a sake su cikin ciyawa. Idan ka mai da shi inda ya fito, zai sake hawa hanyar. Kada kuma a ɗauke su zuwa tabkin wani gari, ana iya kai cuta. Bayan an gama a wanke hannu kafin a taɓa ido ko abinci, saboda fatar waɗansu tana da ɗan dafi.

Aikin da ya fi wannan sauƙi ma da rana ake yinsa. Ƙananan gadojin da ke ƙarƙashin hanya sukan toshe da rairayi da leda. Idan aka yashe su kafin damana, ruwa ya samu hanya, kwaɗi ma su bi ta nan. Ramukan da aka haƙa don tubali kuwa, masu miƙaƙƙen baki, a sassare gefe ɗaya ya kwanta. Tsalle ɗaya ake faɗawa rijiya, dubu ba ta fid da mutum.

Sai babbar magana, maganin feshi. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fata yake sha, har numfashi yana yi da ita. Wanda ya wanke famfon feshi ko ya jefa kwalbar magani a tabki, ya kashe abin da mota ba ta kashe ba a damana guda, ga shi kuma ruwan da bisashenmu ke sha ne. Masu kama burduddugi suna busarwa don kasuwannin kudancin Nijeriya, a roƙe su su ɗaga ƙafa a farkon damana, har a gama zuba ƙwai. Malamai ma sun ruwaito hadisin da ya hana kashe kwaɗo.

Ku da kuka iya rubutu, ga naku aikin. Ku samu littafi, ku rubuta ranar da ruwa ya sauka, da sunan tabkin, da yawan kwaɗin da aka tsallakar, da yawan waɗanda aka tarar a mace. Ku karanta wa jama'a a dandali, ku aiko wa gidan rediyo kwafi. Baɗi idan Allah ya kai mu, ku sake ƙirgawa a wuri ɗaya, mu gwada da na bana.