Amsar Tambaya: Fayil ɗin Zanen Gininmu Yana Yawan Lalacewa

Tambaya: Mu shida ne ke zanen wani asibiti a Revit. Kusan duk mako sai babban fayil ɗin da muke tarayya a kai ya ƙi buɗuwa. Ina mafita?

Amsa: Injiniya, ruwa ba ya tsami banza. Fara duba inda kuka ajiye babban fayil ɗin. In a Dropbox ko OneDrive yake, to ga ɓarawon: suna kwafe shi daidai lokacin da wani ke tura aikinsa ciki. Ku mayar da shi sabar ofis.

Sai wuta. In ta ɗauke ana tsakiyar tura aiki, rabin bayani ne ke shiga. Ku sa wa sabar da kowace kwamfuta UPS, ku haɗa su da waya maimakon Wi-Fi.

Kowa ya sabunta Revit ɗinsa zuwa mataki ɗaya, ya riƙa ɗauko sabon kwafin babban fayil ɗin kowace safiya. Zanen AutoCAD kuwa, a jona shi daga waje, kada a zuba shi ciki.

Ranar Juma'a, bayan kowa ya tashi, ka buɗe fayil ɗin da Audit, ka share abin da ba a amfani da shi, ka adana kwafi a gefe.