Kafin ka zargi rumbun, ɗana

 Mahaifiyarka ta shaida mini kwana uku ke nan ba ka barcin kirki. Ta ce manhajar da ka rubuta wa mai kantin magani a babbar kasuwar Garwa ce ta sa ka a gaba, yau ta yi nawa, gobe ta cije, har ka fara cewa za ka yar da SQLite ka nemi wani rumbun bayanai. Ba ni kunnenka kaɗan.

Fara da sanin darajar abin da ke hannunka. D. Richard Hipp ne ya fito da SQLite a Amurka a shekarar 2000, lokacin yana aikin manhajar jirgin ruwan yaƙi, yana son rumbun da zai zauna cikin manhajar kanta ba tare da jiran uwar garke ba. Ya sake shi kyauta ga duniya. Yau yana cikin kowace wayar Android da iPhone, har saƙonninka na WhatsApp a cikinsa suke kwana. Abin da ya ɗauki wannan kaya, lissafin kanti guda ba zai gagare shi ba. Ruwa ba ya tsami banza, sai dai ka nemi dalilin a aikin hannunka tukuna.

Kada ka tsaya a kan "tana nawa". Sa agogo a kowane mataki, ka ga wanne ne ke cin lokaci, sannan ka sauya abu ɗaya tak, ka sake aunawa. Wanda ya sauya abu biyar a tashi guda, ko ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba.

Na fi zaton a wurin shigar da kaya take yi maka nawa. Ka taɓa tsayawa inda Sodecoton ke awon auduga a ƙauye? Babu manomin da zai riƙa kai ta sikeli dunƙule-dunƙule, yana jiran a rubuta kowane. Dami yake ɗaurewa. Haka SQLite yake. Duk layin da ka tura shi kaɗai, sai ya tsaya faifai ya tabbatar masa an rubuta. Masu SQLite sun bayyana cewa a faifai mai juyawa sau 7,200 a minti, irin wannan tabbaci kusan 60 kawai ake samu a daƙiƙa, alhali cikin dami guda yana iya shigar da layi 50,000 a daƙiƙar. Yi lissafi da kanka: layi 10,000 ɗai-ɗai kusan minti uku ne. Ka buɗe da BEGIN, ka zuba su duka, ka ɗaure da COMMIT.

Idan kuma wurin neman sunan magani ne, sa EXPLAIN QUERY PLAN a gaban tambayarka. Ka ga SCAN, to yana bin tebur ne layi-layi, kamar mai neman babi a littafin da ba shi da fihirisa. Yi wa ginshiƙin da kake yawan nema da shi fihirisa, sai ka ga ya koma SEARCH. Amma kada ka cika, don kowace fihirisa nauyi ce a lokacin rubutu.

Cijewar kuwa, saƙon nan na "database is locked", ba lalacewa ba ce. Rumbun nan marubuci ɗaya yake karɓa a lokaci guda. Koya wa manhajarka haƙuri da busy_timeout, ka kunna tsarin WAL da ya zo a 2010 don mai karatu ya daina tare mai rubutu, kuma kada ka buɗe dami ka bar shi a buɗe kana jiran yaron kanti ya gama ƙirga canji. Fayil ɗin ma kada ka ajiye shi a wata kwamfuta ana shiga ta waya daga ɗaki biyu.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Za a ce maka ka kashe synchronous, manhaja ta yi gudu kamar iska. Za ta yi. Amma kai a Garwa kake. Wutarmu mafi yawa daga madatsar Lagdo take, wadda aka gama a 1982 a kan Binuwai da ƙarfin megawat 72, kuma ka san halin bazara: ruwa ya ja baya, zafi ya haura 40, a ɗauke wuta ba sallama. Ni na taɓa yin wannan kuskure. Wani dillalin hatsi ya damƙa mini littafin bashinsa, na kashe wannan tsaro don in burge shi. Wata azahar wuta ta tafi ana tsakiyar rubutu, rumbun ya ƙi buɗuwa. Har yau ina ganin dattijon zaune kan buhun dawa, yana ƙirga sunayen mutane da yatsu ko zai tuna wa ya biya, wa bai biya ba. Garin gyaran gira na rasa ido. Abin da ke cikin fayil ɗin nan haƙƙin mutane ne, amana ce a wuyanka.

Don haka ka tanadi kwafi kullum, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka kwafe fayil manhaja na aiki. Yi amfani da VACUUM INTO. Ƙananan fayilolin da ke gefensa masu ƙarewa da -wal ko -journal, kada ka share su da sunan shara, da su rumbun ke warkar da kansa idan wuta ta dawo. Lokaci-lokaci ka duba lafiyarsa da integrity_check, ka kuma gwada maido da kwafin a wata kwamfuta, ka gani da idonka yana buɗuwa.

In ta kai ka ga tambaya, tafi da lambar sigar da kake aiki da ita, da saƙon kuskure yadda yake harafi-harafi, da ɗan guntun misalin da ke nuna matsalar. Wanda ya amsa maka, ka gode masa. Ranar da ɗalibin Jami'ar Garwa ya zo maka da tasa, ka zaunar da shi kamar yadda na zaunar da kai.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka zama mai riƙon amana. Ka gaishe da mahaifiyarka, kuma yau ka kwanta da wuri.