Shiga Sansanin Redeemed Ba Wuya, Fita Ce Aiki

Wata 'yar'uwa daga Kafanchan ta tambaye ni yadda za su yi, ita da wasu matan zumuntarsu, su halarci addu'ar kwana a sansanin cocin Redeemed da ke kan babbar hanyar Legas zuwa Ibadan. Tambayoyinta duk na zuwa ne: wace mota, nawa ne kuɗin, a ina za a sauka. Zuwa kam ba ya buƙatar shawarar kowa. Ranar Juma'ar farko ta kowane wata, in ka tsaya a Ojota ko Berger da la'asar, yaran mota ne za su neme ka tun kafin ka neme su. Abin da ba a cika gaya wa baƙo ba shi ne yadda zai fita da asubar Asabar, da kuma motar wa zai shiga.

Sansanin yana Mowe ne a jihar Ogun, wurin da ake ce wa kilomita 46, yanzu kuma sunansa Redemption City. Sabon sunan ya fi dacewa, domin gari ne sukutum, da gidaje da bankuna da makarantu da tashar wutar lantarkinsa. Josiah Akindayomi ne ya kafa cocin a 1952, Fasto Enoch Adeboye, tsohon malamin lissafi a jami'a, ya gaje shi a 1981, sujadar daren nan ta Ruhu Mai Tsarki kuma ta faro a 1986. Jama'a suka yi ta ƙaruwa har tsohuwar rumfa ta yi kaɗan, aka kafa sabuwa can ciki ta wajen Simawa, wadda aka tsara a kan kilomita 3 tsawo, kilomita 3 faɗi. Ma'anar wannan ga matafiyi ita ce, tsakanin kujerarka da bakin titi tafiyar mota ce, ba ta ƙafa ba. Ka tambaya tun daga gida a wace rumfa za a yi na watan. Maris da Agusta da Disamba su ne watannin manyan taruka, duk abin da zan faɗa a nan ka ninka shi a cikinsu.

Dare guda na waƙa da addu'a yana ƙulla abota da saurin da kasuwa ko ofis ba sa iyawa. Daga kan bagade za a ce ka kama hannun na kusa da kai ka yi masa addu'a. Wajen ƙarfe biyu sanyi ya sauko, ya miƙo maka shayi daga filas ɗinsa, kai kuma ka tsare masa jaka ya zagaya. Kafin a rufe taro ka san ciwon mahaifiyarsa, ya san aikin da kake nema. Wannan abota ta gaskiya ce, ba na raina ta. Sai dai ba ta san hanya ba, ba ta kuma duba agogo.

Mu a lokacin da muka je, namu abokin wani dattijo ne Bayarabe da aka haifa a Sabon Garin Zariya. Ya ji ni da abokin tafiyata muna Hausa, sai ya juyo da murna ya ce, "Kai, 'yan gida! Daga ina?" Hausarsa ta fi ta wasunmu tsabta. Da aka sallami jama'a kafin asuba, muka ce masa za mu Agege, muna da tikitin motar Kaduna mai tashi da azahar. Ya ce, "Haba, 'ya'yana, ina nan da mota ku je ku tsaya a titi? Ai Legas za ni." Muka ce, "Mun gode, Baba, Allah ya saka."

Legas ɗin Baba Ikorodu ce. Bai ɓoye mana ba, ba dai wanda ya kawo zancen. Ya kauce wa gosulon babbar ƙofa, wanda hikima ce, ya bi ta baya ta Simawa ya ɓulla Ogijo a kan hanyar Shagamu zuwa Ikorodu. A Ogijo aka sauke surukarsa, kuma ba a sauke tsohuwa a bakin titi, sai an shigar da ita ɗaki an gaisa da mutanen gida. Daga nan ya tuna ɗan ƙaninsa yana suna a safiyar, Yarabawa kuwa da sassafe sukan raɗa suna, ba zai yiwu ya wuce ƙofar gidan ba. Aka zaunar da mu a sahun gaba a matsayin baƙi daga Arewa, aka sa mu ɗanɗana zuma da gishiri tare da dangi, aka ce lallai sai mun yi wa jaririn addu'a da Hausa. Muka yi. Aka kawo amala da miyar ewedu. Baba ya ci, ya jingina da kujera ya ce bari ya ɗan runtse ido, ai kuwa sai minshari. Wa zai tashi dattijon da ya kwana a tsaye yana yabon Ubangiji? Matarsa ta dube mu ta ce, "Ku yi haƙuri, yanzun nan zai tashi." Lokacin da muka iso Mile 12, motar Kaduna ta daɗe da barin Agege, kuɗin tikiti kuma ya bi ta. Har yau Baba yakan kira ni duk Kirsimeti, kuma yaron nan na suna ya shiga makaranta.

Saboda haka, in wani ya yi maka tayin mota, kada ka ƙi don tsoro kawai, amma ka yi tambaya tun kuna zaune a rumfa, kafin ka sa jakarka a but. Wace unguwa za shi, da sunanta? Legas ba amsa ba ce. Wanda za shi Ikorodu da wanda za shi Agege da wanda za shi Ajah duka Legas za su, amma tsakaninsu sa'o'i ne. Su wa za a sauke a hanya? Akwai inda za a biya? Mutanenmu suna jin nauyin irin waɗannan tambayoyi, wai kada a ce an yi maka alheri kana bincike. To ka sa ta cikin raha, ka ce, "Ɗan'uwa, motata ta ƙarfe kaza ce, kana ganin za mu kai?" Mai gaskiya zai lissafa maka biye-biyensa da bakinsa.

Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce wa zai tuƙa, kuma ya yi barci? Baba ya yi mana gata da barcinsa ya ɗauke shi a kujerar gida, ba a kan sitiyari ba. Mutumin da ya yi aiki ranar Juma'a, ya sha cunkoso da yamma, ya kwana yana tsalle da tafi, da asuba jikinsa zai karɓi bashinsa ko yana so ko ba ya so. Hanyar nan kuwa mai kilomita kusan 127 tana cikin mafiya cunkoso a ƙasar nan, tireloli da tankokin mai da suka taso daga Apapa ba sa hutawa. Tun da aka faɗaɗa ta a aikin da aka fara a 2013, inda ta buɗe direbobi gudu suke kamar an koro su. Na ji masu cewa wanda ya fito daga gaban Ubangiji ba abin da zai same shi. Ni dai a karatuna, Yesu da kansa ya ƙi ya diro daga kan haikali don a gwada Allah. Ka nemi inda za ka shimfiɗa zane ka yi barcin sa'a biyu, ka bar gari ya waye. Masu rige-rigen fita da duhu galibi a cikin layi suke ƙarasa daren, ku taras da juna a bakin titi.

In Arewa ka nufa, me zai mai da kai Legas? Sansanin yana hannun dama ne ga wanda ya fito daga Legas, wato gefen masu tafiya Ibadan, mai komawa Legas ne ke buƙatar juyawa. Shagamu tana gaba kaɗan, da tsohuwar unguwar Sabo ta 'yan goro, daga mahaɗarta kuma hanya ta rabu zuwa Ore da Benin. A Ibadan akwai tashoshi a Iwo Road da Ojoo, inda motocin Arewa ke bi ko dai ta Ilorin da Jebba, ko ta Akure da Okene da Lokoja zuwa Abuja. Yawancinmu Legas muke komawa don kawai ta nan muka shigo.

Direbobin haya na safiyar Asabar ba su da tausayi, kuɗin da ka biya jiya ka manta da shi. Ban ga laifinsu ƙwarai ba tunda su ma a layi suka kwana, amma wanda zai ninka kuɗi yana kunna waƙar yabo a rediyo yana ba ni haushi. Ka yi ciniki kafin ka shiga. Motar da ta tsaya maka ita kaɗai a duhu da mutum biyu ko uku a ciki, ka bar ta ta wuce, ko da an manna mata hoton fasto a gilashi, 'yan wan-cans, masu fashi da motar haya, su ma sun san ranar taro. Kada kuma ka dogara da acaɓa in ka shiga gari, tun 2022 aka hana su a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi.

Waya takan ƙi shiga in jama'a sun yi yawa, don haka ku tsai da wurin haɗuwa da baki tun da rana. Riƙe tsabar kuɗi, da rigar sanyi, da takalmi mara tsini.

In kuma duk da haka mota ta bar ka, nemi inda ake Hausa. A Mile 12 wani mai albasa ɗan Aliero ne ya ji labarinmu, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya haɗa mu da yaronsa ya raka mu wurin masu lodin dare. Akwai irinsu a Kara, kasuwar shanu da ke gindin gada kafin ka shiga Berger, akwai su a Agege. Mafi sauƙi dai, in za ka yanki tikitin komawa tun daga gida, ka yanki na Lahadi.