Ranƙwafar Baya da Gungumen Soso

Ƙashin bayan mutum ba a miƙe yake kamar gora ba. Tsakanin wuya da ƙugu akwai gaɓoɓi 12, waɗanda haƙarƙari ke manne da su, kuma Allah ya halicce su da 'yar lanƙwasa kaɗan. Amma magatakarda da ya wuni sunkuye bisa takardun haraji, da baduku, da maɗinkin hula a zaurukan Dala, su kan ƙara wa lanƙwasar nan. Tsokar ƙirji ta ɗaure, ta tsakanin allunan kafaɗa ta yi sanyi, kai ya zubo gaba, har mai shekara 40 ya riƙa tafiyar tsoho.

Masu gyaran jiki suna da wani abu dominta, watau gungumen soso mai tauri, kaurinsa kamar inci 6, tsawonsa ƙafa 3. Inda babu shi, bargo ko tabarma da aka naɗe tamau ta wadatar. Taɓarya tsirara ta faye tauri.

Ga yadda a ke yi. Mutum ya gicciye gungumen a ƙasa, ya kwanta rigingine har ya zo daidai allunan kafaɗarsa, ya tanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ya tallabi ƙeya da hannu biyu, sa'an nan ya sake kafaɗu baya a hankali yana fitar da numfashi. In ya yi numfashi 4 ko 5 a nan, sai ya gusa kamar inci ɗaya ya sake. Iyakarsa daga ƙarshen haƙarƙari zuwa saman kafaɗa. Ba a ɗora wuya ko ƙugu a kai, gama ba su da haƙarƙarin da zai tokare su. Bayan haka ya juya gungumen a tsawon baya, daga kai zuwa mazauni, ya buɗe hannuwa gefe domin ƙirji ya saki. Minti 5 sun isa.

Kada a ɗauka soso yana miƙe ƙashi. Sassauta gaɓoɓi ya ke yi, sauƙinsa kuwa ba ya daɗewa in an koma zaman jiya. Sai an ɗaga teburin rubutu, an riƙa tashi ana miƙa, an kuma ƙarfafa tsokar baya da matse allunan kafaɗa wuri ɗaya sau 10, safe da yamma.

Abin da ya fi wajaba hakimai su sani shi ne, ba kowace ranƙwafa ce ta zama ba. Ta zama ta kan miƙe in mutum ya kwanta rigingine ko ya jingina da bango. Doron da ya ƙi miƙewa, ya yi tsini wuri ɗaya, musamman ga yaro mai ciwon baya, da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, sau da yawa tarin fuka ne ya ci ƙashin. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana ciwon tun 1779. Danna irin wannan baya a kan gungume, ko kai shi wurin maɗori ya murza, yana iya taɓa lakar da ke cikin ƙashin har ƙafafu su shanye. Haka kuma tsofaffin da ƙashinsu ya yi rauni, da mata masu ciki, da wanda ya taɓa karaya a baya, kada su yi sai da iznin likita.

Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, yana nan kusa. Lalle dagatai da masu unguwa su tura duk mai irin doron nan can tun ƙafafunsa na ɗaukarsa. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma na ƙashin baya ya kan kai shekara guda ana sha, don haka ya kamata magatakarda ya rubuta sunan yaron da ranar da aka tura shi, ya riƙa tambayar mai unguwa ko ana ci gaba da sha.