Gyaran Tsohon Filin Ƙwallon Gari: Daga Ina Za A Fara?

Da an kawar da amfanin gona, masu rake na Makarfi suka shiga sara, manoman tumatir na Ikara da Hunkuyi suka gangara fadama, sai gasar ƙwallo ta kankama: kofin unguwanni, kofin ciyaman, kofin wane da wane. Sai dai filayen da ake buga ta, na gari ne ko na tsohuwar makaranta, da yawansu sun ji jiki. Zaizaya ta ci gefe guda, katanga ta zube, 'yan acaɓa sun fasa hanya ta tsakiya, iska kuma ta yaye kwanon rumfar manyan baƙi.

In an tashi gyara, fenti da sabuwar ƙofa akan fara kashe wa kuɗi, don su ido ke gani ranar buɗewa. Damina ɗaya ke tona asirin irin wannan aiki.

Abin farko shi ne takarda. Filin da ba a san iyakarsa ba, yau wani ya kafa shago a kusurwa, gobe wani ya fitar da fuloti. Kwamitin gyara ya gayyato hakimi da masu unguwa su shaida iyaka, safiyo ya auna ya kafa alamu, sannan a nemi shaidar mallaka ta hannun ƙaramar hukuma da KADGIS, hukumar da ke kula da filaye a Jihar Kaduna. A auna da wadata: girman da FIFA ta fi so mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, ban da wurin 'yan kallo.

Sai ruwa, kuma nan ne gaskiyar aikin take. Ƙasar Zazzau kan samu kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Ba sai da na'ura ake gane cutar fili ba. Ranar da aka sheƙa ruwa a watan Agusta, 'yan kwamiti su fito da turaku, su kafa ɗaya a duk inda ruwa ya kwanta, su bi sawunsa har inda yake fita. Wannan ita ce taswirar gyaran. Tsakiyar fili na buƙatar ɗan doro, gangaren santimita 1 a kowace mita, wato tsakiya ta ɗara gefe da kusan santimita 34. A yi ciko da burji, a daddale, a shimfiɗa ƙasar noma mai yashi a sama, a kewaye da lambatu mai mafita ta ainihi, ba wadda za ta juye ruwan cikin gidajen maƙwabta ba.

Ciyawa kuwa, kirikiri ta gida ta fi dacewa: tana jure taku, tana yaɗo, tana farfaɗowa bayan rani. Amma kada a dasa sai an san inda ruwan ban-ruwa zai fito, ko rijiyar burtsatse mai sola ko wata hanya tabbatacciya. Aliko Dangote ya ɗauki nauyin sabunta ciyawar filin wasa na Moshood Abiola a Abuja, ba a daɗe da gamawa ba aka shiga kuka da lalacewarta. In babu ruwa a rani, gara fili na ƙasa mai laushi, an tsince tsakuwa, da ciyawar da za ta bushe ta bar kunya-kunya mai karya ƙafar yara.

Rumfa da fitilu batun rai ne. Injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, ya duba gindin kowane ginshiƙi, inda tsatsa ke cin ƙarfe a ɓoye. A Afrilun 2023 dogon ƙarfen fitila ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Surulere, Legas, wanda aka gina tun 1972, bayan ruwa da iska. Ƙofofi kuma su wuce ɗaya, su riƙa buɗewa waje, saboda turmutsutsu in wasa ya yi zafi.

Saura kuɗin riƙo, wanda aka fi mantawa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya ba matasa hujjar neman a sa filin cikin kasafin Ikara, Makarfi ko Kudan kowace shekara. Duk da haka filin ya nemi na kansa: shaguna a jikin katanga, kuɗin ƙofa, da kuɗin ajiya daga masu taron siyasa ko biki, da sharaɗin mota ba ta hawa ciyawa. A buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a, a ɗauki mai gadi da albashi.

Ciko da gini a yi su tsakanin Nuwamba da Afrilu. Ciyawa a dasa a watan Yuni, a rufe filin sai ta kama sosai, a mayar da atisaye wani fili na kusa kafin gasar kaka ta zagayo.